Kwance damarar yaƙi: me ke sa mai bindiga ya ajiye ta?

Hoton ba baƙo ba ne a wurinmu. An shimfiɗa tamfol a harabar gidan gwamnati, an jera bindigogi a kai, ga harsasai cikin buhu, ga samari sun rufe fuska da rawani sun yi layi. Malami ya miƙo Alƙur'ani, kowa ya dafa ya rantse cewa ya tuba. Gwamna ya yi jawabi, 'yan jarida su ɗauki hoto, da yamma rediyo ya ba da labari cewa an yi sulhu, an miƙa makamai. Kafin damina ta zagayo sai ka ji an sake tare hanyar nan dai, an kwashe matafiya. Mai sauraro ya ce to, yaudara ce tun farko. Wani lokaci yaudarar ce. Amma sau da yawa abin da ya faru shi ne an yi ƙaramin ɓangaren aikin, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi kyau a hoto, aka bar babban.

Abin da ake kira kwance damara a duniyar sulhu matakai uku ne a jere, Majalisar Ɗinkin Duniya tana taƙaita su da haruffan DDR. Da farko a karɓi makami. Sannan a wargaza rundunar, wato a raba yaro da kwamandansa, ya daina jiran umarni daga gare shi. Na uku a mayar da mutum cikin jama'a da abin yi, ya zama manomi ko direba ko ɗan kasuwa kamar kowa. Karɓar makami aikin makonni ne. Wargaza runduna na iya cin watanni. Na ukun kuwa shekaru yake ci, kuɗinsa ya fi yawa, ba ya da ranar biki, shi ya sa gwamnatoci suke sakinsa a tsakiyar hanya.

Ko karɓar makamin ma yana da ƙa'ida. Inda aka yi shi da gaske, ana rubuta lambar da ke jikin kowace bindiga, a gwada ta a ga tana aiki ko gawa ce, a ɗauki hoton wanda ya kawo ta da zanen yatsunsa, a ba shi kati. Sai babbar tambaya ta taso: wa zai riƙe makullin rumbun da aka zuba su? A ƙasar Nepal, bayan yarjejeniyar 2006 da ta kawo ƙarshen yaƙin shekara goma tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Mao, an zuba makaman 'yan tawaye cikin kwantena, aka sa kwado, aka bar makullin a hannun kwamandojinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kyamara dare da rana da jiniyar da za ta yi kuka idan an buɗe ba izini. Sojojin gwamnati ma aka sa suka kulle makamai daidai adadin na 'yan tawayen. Wanda ya kalli tsarin daga nesa zai ce wasa ne, an ba kura ajiyar nama. Amma ma'anarsa a fili take: ɗan tawaye bai yarda da gwamnati ba tukuna, ba zai miƙa wuyansa rana ɗaya ba, don haka aka nisanta shi da bindigar kaɗan-kaɗan har ya saba da kwana babu ita. Sai a shekarar 2011 makullan suka koma hannun gwamnati.

Hanyar da ta fi saurin zuwa kan masu mulki ita ce kuɗi: kawo bindiga, karɓi lada. Laberiya ta gwada. A ranar 7 ga Disamba 2003 aka buɗe shirin a wani sansani kusa da Monrobiya, mayaƙa suka yi tururuwa fiye da yadda aka shirya musu, kuɗin da suka sa rai bai zo hannu a take ba, suka bazama cikin gari suna harbi, aka rasa rayuka, dole aka dakatar da shirin har zuwa Afrilun 2004. Da aka dawo, an yi wa kowa alkawarin dala 300 a biya biyu, kuma aka sassauta sharaɗi: ko ba ka da bindiga, in ka kawo harsashi 150 za a rubuta ka a matsayin mayaƙi. An yi tsammanin mutum wajen 38,000. Sama da 100,000 suka yi rajista. Bindigogin da aka tara wajen 28,000 ne kawai, wato kusan bindiga ɗaya ga mutum huɗu. Kwamandoji sun riƙa raba harsasai ga 'yan'uwa da yaran unguwa, su je su karɓo kuɗi a raba, alhali wasu mayaƙan na ainihi, musamman mata da ƙananan yara da kwamanda ya ƙwace makamansu, sun tashi a tutar babu. Darasin da masu wannan aiki suka ɗauka daga nan shi ne duk ranar da ka sa wa bindiga farashi ka buɗe mata kasuwa. Mai tsohuwar bindigar da ta daina tashi zai kawo maka ita, ya cika kuɗin ya sayi sabuwa. Mai biyar zai kawo ɗaya, huɗu suna binne cikin leda da man inji a gindin wata bishiya.

Saboda haka in an nuna muku tarin makamai a talabijin, ku duba irinsu kafin ku ƙirga su. Bindigar toka ce da ta maharba, ko ƙirar AK-47 da manyan masu jigida? Ina harsasan? Ina baburan? Sannan bayan bikin ina aka kai su? Makamin da ba a farfasa ko aka ƙone ba yana iya komawa daji ta ƙofar baya, kuma bindigar AK-47 tana yin gomman shekaru tana aiki in ana shafa mata mai. Wannan ne ya sa Mali ta ƙone makamai kusan 3,000 a bainar jama'a a Tumbuktu ranar 27 ga Maris 1996, gaban Shugaba Alpha Oumar Konaré da Jerry Rawlings na Gana, Nijar ma ta yi nata a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, inda aka cinna wa sama da 1,000 wuta.

Amma tambayar da ta fi muhimmanci ba ta kan bindigar ba ce. Me ya sa mutumin yake riƙe da ita? Ga wani jari ce, da ita yake ci. Ga wani kuma ita ce kaɗai abin da ya hana a kashe shi, kuma wannan na biyun shi ne mai wuyar sha'ani, domin tsoronsa ba na banza ba ne. Kolombiya ta ga haka da idonta. A 1985, lokacin wani yunƙurin sulhu, ƙungiyar 'yan tawayen FARC da magoya bayanta suka kafa jam'iyyar siyasa mai suna Unión Patriótica don su gwada ƙuri'a maimakon harsashi. Cikin shekarun da suka biyo baya aka bi 'yan jam'iyyar ɗaya bayan ɗaya ana kashewa, dubbai, har da 'yan takararta na shugaban ƙasa guda biyu. Wanda ya rage a daji ya ce kun gani ko, yaƙi ya ci gaba shekara talatin. Da aka sake sulhu a Nuwamban 2016, FARC ta ƙi miƙa makamanta ga sojan gwamnati, sai ga jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka tara kusan 9,000 a 2017. An narka wasu aka yi daɓen wani gidan tunawa a Bogota da su, mutane suna takawa. Duk da haka, alƙaluman Majalisar sun nuna an kashe tsofaffin mayaƙa sama da 400 bayan sun ajiye makami. Yawancin 'yan FARC sun tsaya kan alkawari, abin a yaba musu ne, amma kowane kisa hujja ce a bakin masu cewa a koma daji, kuma a 2019 Iván Márquez, wanda shi ya jagoranci tawagarsu a teburin sulhu, ya koma.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A Zamfara da Katsina da Sakkwato rikicin ba na mai bindiga ɗaya ba ne. Ɗan bindigar daji yana cewa in ya ajiye, 'yan sa-kai za su tare shi a kasuwa su yanka. Ɗan sa-kai yana cewa in ya ajiye tasa, wa zai tsaya wa ƙauyensa da daddare? Kowannensu yana da gawar da zai nuna. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi sulhu a 2016, ya sake yi a 2019, a 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa, ya daina. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, ya bayyana a Gusau a Fabrairun 2021 ya miƙa bindigogi ya yi rantsuwa, a watan Afrilu ya koma daji, kwanaki kaɗan bayan nan aka kashe shi a faɗa da wata dabar. Ba na wanke kowa da wannan. Mutumin da ya kwashe yara daga ɗakin kwanansu ya aikata babban laifi, kuma ribar kuɗin fansa ta fi duk abin da gwamnati za ta iya biya. Abin da nake cewa shi ne sulhun jiha guda da shugaban daba guda, ba rajistar yaransa, ba tsarin abin da za su koma yi, ba wanda zai tsare ɓangarorin biyu, dazuzzukan kuma a haɗe suke da na jihar da ba ta shiga sulhun ba, wannan ba kwance damara ba ne. Hutun rabin lokaci ne.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lissafa shi ba, shi ne mutunci. Namijin da ya yi shekara ashirin da bindiga ba ya son 'ya'yansa su gan shi a durƙushe. A Ailan ta Arewa an sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Afrilun 1998, amma sai da aka yi shekara bakwai ana jan magana kan makaman ƙungiyar 'yan tawayen IRA. Abokin hamayyarsu Ian Paisley ya dage sai an ɗauki hoton lalata makaman kowa ya gani. IRA ta ce ba za ta yarda a tozarta ta ba. A ƙarshe ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Wani janar ɗan Kanada mai ritaya, John de Chastelain, ya sa ido a kan aikin a asirce, tare da malaman coci biyu, Alec Reid na Katolika da Harold Good na Methodist, a ranar 26 ga Satumba 2005 suka fito suka shaida wa duniya cewa an gama. Mutane da yawa sun yi gunaguni a lokacin, amma makaman ba su dawo ba. Mu kuwa mun fi ba hoton muhimmanci a kan komai.

A nan ne hali da iya mu'amala suke shigowa, domin akwai mutanen da Allah ya ba su baiwar kashe wa abokin gaba jiki tun kafin a zo maganar ƙarfe. A 1993, ana shirin zaɓen farko na kowa da kowa a Afirka ta Kudu, farar fata masu tsattsauran ra'ayi sun taru a bayan Janar Constand Viljoen, tsohon babban hafsan sojan ƙasar, mutumin da dubban tsofaffin sojoji da manoma masu bindiga suke jin maganarsa. Ana fargabar yaƙin basasa ƙwarai. Ɗan'uwansa tagwai, Braam, ya haɗa ganawa a ɓoye a gidan Nelson Mandela da ke Johannesburg. Janar ya zo da shirin haɗuwa da wanda ya ɗauka ɗan ta'adda ne. Mandela ya tarbe shi da kansa, ya zaunar da shi kusa da shi, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya tambaye shi ko yana son madara da sukari, kuma ya yi masa magana da Afirkans, harshen su Viljoen, wanda Mandela ya koya a kurkuku. Bayan nan bai ɓoye masa komai ba. Ya nuna masa cewa farar fata sun fi ƙarfin soja, amma baƙar fata sun fi yawa kuma duniya tana bayansu, don haka yaƙin ba zai bar wa kowa ƙasar da zai mulka ba. Viljoen da bakinsa ya sha faɗar yadda wannan tarba ta sauya masa tunani. A Maris 1994 ya yi rajistar jam'iyyarsa, ya shiga zaɓe maimakon yaƙi.

Sai dai kada a ɗauka shayi ne ya hana yaƙi. Fara'a da girmamawa sun buɗe ƙofa, sun sa mutumin ya iya sauraro ba tare da jin an ƙasƙantar da shi ba. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne watannin tattaunawa da suka biyo baya, da takardar da aka sa wa hannu a Afrilun 1994 cewa za a duba buƙatar mutanensa ta lumana, da kujeru tara da jam'iyyarsa ta samu a majalisa. Daɗin baki da ba a bi shi da cika alkawari ba ya fi zagi illa, domin wanda aka yaudara da murmushi sau ɗaya ba zai sake zama a tabarmar sulhu ba. Haka kuma baiwar tana aiki ta kowane gefe: ɗan bindiga ma ya iya sunkuyar da kai, ya yi kalamai masu taushi, ya kashe wa gwamna jiki ya karɓi abin da ya zo nema.

Manyan ƙasashe ma lissafinsu ɗaya da na ɗan daji. Kosta Rika ta rushe rundunar sojanta a 1948 kuma ta zauna lafiya. Afirka ta Kudu ta wargaza bama-baman nukiliya shida da ta ƙera, Shugaba de Klerk ya bayyana haka a 1993. Amma Jamus da aka tilasta wa rage soja zuwa 100,000 a yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta sake ɗaura damara cikin shekara ashirin. Yukren ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa tabbacin da aka ba ta a Budapest a 1994 cewa za a mutunta iyakokinta, Rasha tana cikin masu sa hannu, ita ce kuma ta ƙwace Kirimiya a 2014 ta auka mata gaba ɗaya a 2022. Gaddafi na Libiya ya watsar da shirinsa na makaman ƙare dangi a Disamban 2003, a 2011 aka kifar da shi da taimakon jiragen NATO. Duk mai tunanin ajiye makami a yau yana kallon waɗannan biyun. Rumbunan Libiya da aka fasa a 2011 kuwa mu muka kwashi rabonmu daga cikinsu, ta Mali da Nijar har Tafkin Chadi.

Mu dawo kan mataki na uku, inda aikin yake. Saliyo ta kwance wa mayaƙa kusan 72,000 damara, Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya ayyana ƙarshen yaƙi a Janairun 2002. An koya wa da yawa kafinta da gini da ɗinki na 'yan watanni, aka ba su akwatin kayan aiki. Wasu suka sayar da akwatin a makon farko, domin gari ɗaya ba zai ɗauki kafintoci ɗari ba. Abin da ya rufa wa dubbai asiri a garuruwa irin su Bo da Makeni shi ne achaɓa, sana'ar da su suka nema wa kansu, suka kafa mata ƙungiya. A Neja Delta, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shelar afuwa ranar 25 ga Yuni 2009, ya ba da wa'adin kwana 60 da ya cika 4 ga Oktoba. Sama da 20,000 suka yi rajista a zagayen farko, daga baya adadin ya kai 30,000, ana ba kowa naira 65,000 a wata, wasu aka tura su karatu har ƙasashen waje. Fasa bututu ya ragu, haƙar mai ta farfaɗo, wannan gaskiya ce. Amma shirin da aka tsara na 'yan shekaru har yau bai rufe ba, kuma da aka rage kuɗinsa a 2016 hare-hare suka dawo. Alawus ya sayi shiru, bai samar da aikin da zai maye gurbinsa ba.

Nijar ta bi wata hanyar bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. An ɗauki tsofaffin 'yan tawayen Abzinawa da Tubawa cikin soja da kwastan da rundunonin tsaron Sahara, wasu shugabanninsu suka shiga gwamnati, Rhissa Ag Boula har ya zama ministan yawon buɗe ido. Bai hana tawaye sake ɓarkewa a 2007 ba, kuma ƙananan mayaƙa da dama sun daɗe suna kukan an manta da su. Duk da haka a 2012, lokacin da arewacin Mali ya suɓuce daga hannun Bamako, arewacin Nijar bai bi sahu ba, masu nazari da yawa suna danganta hakan da cewa 'yan yankin suna da abin da za su yi asara a cikin gwamnati. Mozambik kuwa ta nuna tsawon hanyar. An yi sulhu a Rum a 1992, a 1995 Bishop Dinis Sengulane da majalisar coci-coci suka fara musayar bindiga da keken ɗinki da fartanya da keke da kwanon rufi maimakon tsabar kuɗi. Ƙungiyar 'yan tawayen Renamo ta sake ɗaukar makami a 2013, aka sake sulhu a 2019, sansaninta na ƙarshe bai rufe ba sai Yunin 2023, bayan gwamnati ta amince za ta biya tsofaffin mayaƙan fansho.

Saura waɗanda aka zalunta, kuma su ne aka fi mantawa. Matar da aka kashe wa miji tana zaune a sansanin gudun hijira tana jiran mudun masara, sai ta ji wanda ya tuba daga Boko Haram ya fito daga sansanin Malam Sidi a Gwambe, ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, da sana'a a hannu da ɗan jari. A Nijar ma akwai irin wannan cibiya a Gudumariya, jihar Diffa. Hujjar masu shirin tana da ƙarfi: in babu ƙofar fita, wanda aka sace aka tilasta masa yaƙi zai yi ta yi har ya mutu, kuma duk wanda ya fito an rage wa daji hannu ɗaya. Amma haushin matar nan ma gaskiya ne, kuma in unguwa ta ƙi karɓar tubabbe, ba mai sayen kayansa, ba mai ba shi aure, ba mai amsa sallamarsa, to daji ne kaɗai wurin da aka san darajarsa. Dole a tantance wanda aka tilasta da wanda ya ba da umarnin kisa, na biyun ya fuskanci shari'a, kuma abin da za a kashe wa tubabbe a kashe wa garin da zai koma fiye da shi. Saliyo ta gwada wani abu mai kama da haka bayan yaƙi: masarautar da aka bincika aka tabbatar babu makami a cikinta, sai a ba ta kuɗin aikin da jama'arta suka zaɓa, makaranta ko asibiti ko kasuwa. Da haka maƙwabci ya zama shi ke matsa wa mai ɓoyon bindiga ya fito da ita, domin shi yake hana gari samun asibiti. Tsarin ya yi aiki a can ne saboda harbi ya riga ya tsaya. Ƙauyen da har yanzu ake shigo wa da babura cikin dare ba zai ba da bindigar tokarsa don ginin aji biyu ba, sai ya ga jami'an tsaro sun kwana a garin.